A fara kunna injin a cikin kwamfuta

Tsohon ciwo ne ya taso wa mai wannan rubutu. Har yanzu a yankin Gwaram da Birnin Kudu, mai kuɗi zai sayo injin gyaran shinkafa mai sarrafa kansa daga Sin ko Indiya, a zuba kankare, a ɗaure noti, sai ranar kunnawa a fara tambayar ko janareta zai ɗauka. Manomin Maruta da ya sa rai za a sayi shansherarsa kusa da gida shi ke kwana ciki.

Manyan masana'antun duniya sun daina wannan caca. Kafin a sauke ƙarfe ko ɗaya, injiniya kan gina masana'antar a cikin kwamfuta, da bel ɗinta da motocinta da na'urar da ke tsince baƙar ƙwaya, ya jona su da ainihin manhajar akwatin PLC, wato ƙwaƙwalwar injin. Daga nan ya jawo masifa da gangan: ya ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, ya toshe mazurari, ya rage kayan da ke shigowa. Duk abin da ya lalace, a allo ya lalace. Siemens na sayar da irin wannan manhaja, ɗalibai kuma na koyo da Factory I/O.

A dubi Kadawa a jihar Kano. A 2016 kamfanin Ɗangote ya buɗe masana'antar tumatir mai iya cinye tan 1,200 a rana. Ba a yi nisa ba tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonaki, aka rufe. Da aka dawo, manoma suka riƙa kai kayansu kasuwa duk lokacin da farashi ya fi kyau a can, injuna suka zauna zugum. Idan mai ƙarfi irin Ɗangote, wanda ya yi sakandare a nan Birnin Kudu, ya sha haka, ina ga mai bashin banki?

Za a ce kwamfuta ba ta san gaibu ba. Gaskiya ne, amma tana amsa tambayar me zai faru idan kaya suka ragu da rabi, ko wutar KEDCO ta yi ta wasan ɓuya.

Abin haushin ma, ga Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011, ga kwalejin Hussaini Adamu a Kazaure, amma ƙaramin gyaran manhaja sai an jira baƙo daga ƙetare. Wannan sakaci ne, ba talauci ba. Kwamfutar gwajin ba ta kai kuɗin tayoyin motar alhaji ba.

Gwamnatin Jigawa da bankuna su sa sharaɗi: babu rancen kafa masana'anta sai an ga rahoton gwajin kwamfuta, kuma yaranmu su yi shi.