Faɗakarwa a kan Barasar Marc da Masu Cewa Wuta Ta Tsarkake Ta

 

Ka sani, ya kai ɗan'uwa almajiri, da kai bafatake mai ƙetare teku, a ƙasar Faransa akwai wata barasa da suke kira Marc. Idan an matse inabi, abin da ya rage na ɓawo da ƙwallaye, kamar tunkuza bayan an fitar da man gyaɗa, shi suke bari ya ruɓa, su dafa, su tara tururinsa. Abin da ya ɗiga daga gare shi, kashi 40 cikin ɗari ko fiye, zallar abin maye ne. Mutanen Burgundi da Shamfan sun shahara da ita. Suna zuba ta a miyar nama, suna cusa ta cikin cakulan, kuma da ita suke wanke bayan cukun Époisses har ya nuna.

Wasu masu sassauci suna cewa wuta tana cinye barasa, saboda haka abincin halal ne. Wannan magana ɓatacciya ce ta fuska biyu.

Ta farko, ba gaskiya ba ce. A shekarar 1992 masana a Amurka suka auna, suka tarar abincin da aka kunna wa wuta a kansa yana riƙe kashi 75 na barasar. Wanda ya yi sa'a guda yana dahuwa, kashi 25. Ko bayan sa'a biyu da rabi, kashi 5 yana nan.

Ta biyu, a mazhabar Imamu Malik giya najasa ce, kuma najasa kaɗan tana ɓata abinci mai ruwa komai yawansa. Idan ka ce, ai giyar da ta zama khal ta halatta, sai in ce maka: can zatinta ne ya juya. Nan kuwa cakuɗa ta aka yi da miya, miyar ta najastu tun kafin ta tafasa.

To, ya kai ɗan kasuwa, ka karanta abin da aka rubuta a jikin kwali kafin ka sayi tsaraba. Idan ka ga Marc de Champagne a kan cakulan, ajiye shi. Kada ka kai wa iyalinka, kada ka sayar. Ribar da aka samu daga haram ba ta da albarka.

Allah ne mafi sani.