Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Ya ku 'yan'uwa talakawa na Ƙofa da Mawashi da Yashe da Kusada, da ku 'yan kasuwa masu bin hanyar Kankiya, yau muna so mu yi magana a kan abin da maza ba su son a tayar a zaure, mata kuwa sai a ƙuryar ɗaki suke raɗarsa, watau haihuwa ta hanyar tiyata, wadda muke cewa an yi wa mace aiki. Mun sani da an ambaci wuƙa sai gaban kowa ya faɗi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, matan da muke kaiwa makwanci kowace shekara kuwa sun yi yawan da yin shiru ya zama laifi.

Aikin nan iri biyu ne, jama'a kuwa suna yi musu kuɗin goro. Akwai na gaggawa, wanda ake yi wa mace bayan ta kwana biyu ko uku a kan gwiwa, an ɗura mata jiƙe-jiƙe, jini ya zuba, ƙarfi ya ƙare, sa'an nan a shiga neman mota da tsakar dare. Akwai kuma na shiri, wanda likita ya gani tun wajen awo cewa haihuwar nan ba za ta yiwu da kanta ba, ya sa rana, mace ta zo da ƙafarta da hantsi, da ƙarfinta da jininta. Labaran ban tsoro da muke ji galibinsu na irin na farko ne. In an kai mace tana gargara ta cika a asibiti, sai a ce wuƙa ta kashe ta. Kwana ukun da ta yi a gida fa? Wannan ba wanda yake lissafa shi.

Masana sun ƙididdige abin nan a nan ƙasarmu. Tsakanin 1976 da 1979 wani likita ɗan Nijeriya, Kelsey Harrison, ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ya buga abin da ya samu a 1985. Ya tarar matan da aka kawo cikin gaggawa, ba su taɓa zuwa awo ba, sun fi waɗanda suka yi awo mutuwa ninki goma da ɗoriya. Asibiti ɗaya ne, likitocin su ne dai, lokacin zuwa ne ya raba su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mata kamar 75,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cikin haihuwa 100 kamar 3 ne ake yi ta tiyata, a nan Arewa maso Yamma kuwa bai wuce 1 ba. Hukumar nan ta ce a 2015, muddin adadin yana hawa har ya kai 10 cikin 100, mutuwar uwa da ɗa raguwa take yi. To, ku lissafa da kanku, mata nawa ne a cikinmu suka bukaci aikin ba su samu ba?

Waɗansunsu suna kushewa. Waɗansu suna Babbar Ruga, bayan garin Katsina, inda wani likita ɗan Holan, Kees Waaldijk, ya fara ɗinke masu yoyon fitsari cikin shekarun 1980, aka kuwa yi wa dubban mata. In naƙuda ta yi tsawo, kan ɗa yakan danne mafitsara a jikin ƙashi har naman wurin ya mutu ya huje. Ɗan ya tafi, uwa ta tashi da yoyo, sau da yawa kuma miji ya sallame ta. Aikin awa guda da an yi shi kan kari da ya hana wannan duka.

Kada a ce muna kiran kowace mace ta je a yanka ta. A'a. Mafi yawan mata da kansu za su haihu lafiya, tiyata kuwa tana da nata hatsari, ba abin ado ba ce. Waɗanda likita kan sa wa rana sanannu ne: wadda mabiyiya ta sauko ta tare hanyar fitowar ɗa, wadda ɗanta ya kwanta a gicciye har wata ya kama, wadda aka riga aka yi wa aiki sau biyu ko fiye, wadda aka taɓa ɗinke wa yoyon fitsari, da irinsu. Ungozoma ko ta shekara arba'in tana karɓar haihuwa ba za ta ga inda mabiyiya take ba, hoton ciki ne ke nunawa. Shi ya sa awo ya zama tilas. Akan sa ranar in ciki ya kai mako 39, don huhun ɗa ya nuna, kuma naƙuda ba ta riga ta taso ba.

Mun ji masu cewa ragwanta ce, wai mace ta gari ita ce mai haihuwa a ɗaka ko tari ba a ji ba. Haba jama'a! Wadda ta kwanta da idonta biyu aka buɗe cikinta don ɗanta ya rayu, ita ce raguwa? Mun ji masu cewa dabarar Turawa ce. A 1879 wani Bature, Robert Felkin, ya ga masu maganin gargajiya na ƙasar Uganda sun yi wa wata mace wannan aiki a garin Kahura, uwa da ɗa suka rayu, shi ne ma ya koma gida yana ba da labari. Mun ji kuma masu cewa wadda aka yi wa aiki ta gama haihuwa. Ba haka ba ne. Da yawa waɗanda aka yi wa sau ɗaya sukan haihu da kansu daga baya, amma da sharaɗi biyu: a bar ɗinki ya huta kamar shekara biyu, daidai da yayen da iyayenmu suka saba, kuma haihuwa ta gaba a asibiti za a yi ta.

Ga yadda aikin yake, don a rage tsoro. Mace za ta bar cin abinci awa shida zuwa takwas kafin lokaci. Galibi allura ake yi mata a gadon baya, daga ciki zuwa ƙafa ya mutu, amma tana farke, da kunnenta za ta ji kukan ɗanta. A fitar da ɗa cikin 'yan mintoci, a gama ɗinki cikin awa guda ko ƙasa. In ba wata matsala, kwana uku ko huɗu an sallame ta, ranar suna tana ɗakinta ana yi mata barka.

To, maigida, ga naka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ragon suna mukan tanade shi tun ciki yana wata biyar, ana ba shi dusa da harawa, amma kuɗin mota da jini sai ranar da abu ya ɓaci. Wannan lissafi juyayye ne. Tun da aka sa rana, a yi magana da direba, a sami 'yan'uwa biyu masu lafiya waɗanda za a gwada jininsu, domin ledar jini guda ba ta rage ƙato da kome. Ku matan kasuwa masu adashi, in ɗayarku an sa mata rana, ku ba ta kwasar wannan wata. In naƙuda ta taso ko jini ya ɓalle kafin ranar, a tafi nan take, kada a jira gari ya waye. Maigida kuma in zai yi tafiyar fatauci ya bar izini a bayansa, kada mace ta mutu ana jiran a dawo daga kasuwa.

Sa'an nan ga na hukuma, domin talaka ba wuƙa kaɗai yake tsoro ba, har da takardar biya. Maƙwabtanmu na Nijar sun kafa dokar yin wannan aiki kyauta tun 2005, ko da yake jinkirin biyan asibitoci ya sha kawo musu cikas. A nan Nijeriya, a watan Nuwamba 2024, Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya yi shela a Abuja cewa za a riƙa yi wa mata marasa hali tiyatar haihuwa kyauta. Madalla. Amma shelar Abuja ba ta tsai da jini a Ƙofa. Muna neman a manna takarda a ƙofar Babban Asibitin Kankiya da kowace ƙaramar asibiti ta ƙasar Kusada, da boko da ajami, a faɗi asibitin da ake yi kyauta, da wanda ya cancanta, da abin da kyautar ta ƙunsa, ko har da magani da jini da zaren ɗinki. Muna neman ɗakin tiyata mai wuta dare da rana, da motar da za ta kai mace Katsina in abin ya fi ƙarfin nan. Matar mai hali tana da likitanta da ranarta. Matar mai tallar gyaɗa ita ma ran Allah ne a jikinta, kuma da harajin mijinta aka gina asibitin.

Saura kwanakin farko, inda gida ke iya ɓata abin da likita ya gyara. Iyayenmu mata, a gafarce mu, da ku muke. Dakashi, watau nonon farko mai kauri, kada a matse shi a zubar, shi ne rigakafin jariri na fari. A sa shi a nono da wuri, cikin awar farko in hali ya yi, uwa tana kwance a gefe ko an tokare mata da matashi don kada ya danne ɗinki. Kada a ba shi ruwa ko jiƙo, nono ya ishe shi har wata shida. Mai jego ta tashi ta taka a hankali tun washegari, yana hana jini daskarewa a ƙafa.

Wankan jego da tafasasshen ruwa da ganye, kada a kai shi kan ɗinki, ruwa mai ɗumi ya isa, a bar wurin a bushe. Kunun kanwa da kwanciya kan gadon wuta, likitocin Zariya sun nuna tun shekarun 1970 cewa suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kumbura masu jego. A ba ta ƙauri da nama da ganye, a rage kanwa. Daka da jan ruwa a rijiya da ɗaukar tulu, a ɗauke mata har ta yi arba'in. Cibiya a shafa mata maganin da asibiti ta bayar, ban da toka, ban da gashi da tsumma. Wanzami ya yi aski, amma ya bar belu inda Allah ya sa shi. Kafin a bar asibiti a tabbata an yi wa jariri allurar tarin fuka da ta ciwon hanta, an ɗiga masa maganin shan inna.

A koma asibiti ba tare da shawara da kowa ba in mai jego ta yi zazzaɓi, ko ɗinki ya yi ja yana ruwa, ko jini ya ƙaru, ko ciwon kai mai tsanani ya kama ta, ko numfashi ya yi mata wuya. Haka in jariri ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko idonsa ya yi rawaya, ko yana shiɗewa. Jariri ɗan kwana uku ba ya jiran ranar kasuwa.

'Yan'uwa, haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance, ta ishe mu haka. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a rumfa da zaure da gidan suna. Kowane maigida mai mace da ciki ya tambayi kansa yau, ta je awo ko ba ta je ba? In likita ya sa rana, a amsa, a shirya, a kuma tambayi hukuma haƙƙin da ta yi alkawari. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka samu. Wassalam.