SHARHI: Yoyon banɗaki, ciwon da ke cin sababbin gidaje daga ciki

Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin Kano, Kaduna ko Abuja ya san alamar: gida bai shekara da tarewa ba, amma bangon da ke jingine da banɗaki ya jiƙe, fenti yana ɓarewa, farin gishiri ya feso a jikin filasta. Idan bene ne, tabon ruwa ke fitowa a rufin ɗakin ƙasa. Sau da yawa maigida kan ɗora laifin a kan mai aikin famfo, alhali ɓarnar tana ƙarƙashin tayil ɗin wurin wanka.

Tushen matsalar wata fahimta ce da ta zauna a zukatan masu gida da wasu magina, cewa tayil shi ne ke tare ruwa. Gaskiya ne tayil mai inganci ba ya shan ruwa sosai. Nau'in da ake kira fosilin ba ya shan abin da ya wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa. Sai dai farin simintin da ake cike tsakanin tayil da shi yana shan ruwa, kuma yana tsagewa, musamman a kusurwar da bango ya haɗu da daɓe. Abin da ke kare gini shi ne shimfiɗar hana ruwa da ake shafawa ko a manna kafin a ɗora tayil. A gidaje da dama ba a yin ta sam.

Kuskure na biyu shi ne gangare. Ƙa'ida ita ce daɓen wurin wanka ya sauka da kimanin santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa magudana. Idan aka rasa wannan, ruwa zai kwanta yana neman kafa. Na uku kuwa shi ne ɗora tayil a kan ɗigon siminti huɗu ko biyar maimakon a shafe bayansa gaba ɗaya. Kogon da ya rage shi ke zama matattarar ruwa, shi ya sa ake jin ƙarar holoƙo idan an ƙwanƙwasa.

A gidan ƙasa asarar kan tsaya ga fenti, wari da funfuna. A bene kuwa al'amarin ya fi haka nauyi, domin ruwan da ke ratsa kankare yana isa ga rodi. Rodi idan ya yi tsatsa yana kumbura, ya tsage kankaren da ke lulluɓe da shi, ƙarfin ginin ya riƙa raguwa a hankali. A ƙasar da rushewar gini ta zama labarin kowace damina, wannan ba abin wasa ba ne.

Tsadar kayan gini ta ƙara dagula lamarin. A watan Fabrairun 2024 farashin buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, har sai da Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin Dangote, BUA da Lafarge aka tsayar da naira 7,000 zuwa 8,000. Mai gini da aljihunsa ya yi sanyi yakan fara zaftare abin da ido ba ya gani. Zai sayi tayil mai ƙyalli don baƙi su yaba, ya bar shimfiɗar hana ruwa, wadda kuɗinta bai kai na fasa banɗaki a sake shi ba. Araha dai ba ta ado.

Akwai kuma batun hannu. Ana biyan mai tayil bisa yawan mitar da ya shimfiɗa, don haka sauri ne ribarsa. Mafi yawansu a wurin aiki suka koyi sana'ar, ba wata shaidar ƙwarewa da ake nema daga gare su. Ba mamaki da masu gini da dama ke neman ma'aikata daga Togo da Jamhuriyar Benin, inda koyon sana'a a hannun ubangida ya fi tsari.

Ta fuskar doka ma da giɓi. Najeriya tana da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa tun 2006, amma jihohi da yawa ba su mayar da shi dokarsu ba. Hukumomin tsara birane sun fi mayar da hankali kan amincewa da zane, ba kasafai jami'i ke leƙa banɗaki kafin a rufe shi da tayil ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mutum damar neman a gyara aikin da bai yi kyau ba, to amma da me zai kafa hujja idan da baki aka yi ciniki?

Matsalar ba ta ƙasashe masu tasowa kaɗai ba ce. A jihar New South Wales ta Ostireliya, binciken gwamnati na 2023 ya gano manyan aibobi a kashi 53 cikin ɗari na benayen da aka duba, kuma matsalar hana ruwa ce ta zo kan gaba. Bambancin shi ne a can doka ta ɗaure magini da lamunin shekara shida kan babban aibi, shekara biyu kan ƙanana.

Kafin hukumominmu su kai ga haka, mai gini yana da abin yi. Ya rubuta yarjejeniya, ya riƙe wani kaso na kuɗin aiki har a yi watanni ana amfani da banɗakin, kamar yadda ake yi a manyan kwangiloli. Bayan an gama shimfiɗar hana ruwa, ya sa a toshe magudana, a cika daɓen da ruwa, a bar shi awa 24, sannan a duba ko ya ragu ko ya ɓulla ta ƙasa. Idan an ɗora tayil, ya ƙwanƙwasa ɗaya bayan ɗaya, ya kwara bokitin ruwa ya ga inda ya nufa. Aibin da aka kama a wannan mataki gyaran yini guda ne. Wanda ya bayyana bayan tarewa kuwa sai an fasa banɗakin, iyali suna ciki.