Me ya sa ƙananan zaurukan intanet suka fi zaman lafiya?

Masu amfani da intanet da dama na ƙaurace wa muhawara a manyan dandali irin su Facebook da X, suna komawa ƙananan zaurukan 'yan uwa da abokan arziki, inda ba a cika cin mutunci ba.

Masana na danganta hakan da sanayya. A shekarar 1992, wani masani ɗan Birtaniya, Robin Dunbar, ya ƙiyasta cewa zumunci mai ɗorewa da mutum zai iya riƙewa bai wuce na mutane kimanin 150 ba.

A ƙaramin zaure kowa ya san kowa, kuma wanda ya zagi wani ya san gobe za su haɗu a wajen suna ko jana'iza. A babban dandali kuwa baƙo ne ke magana da baƙo, kuma kalaman da suka fi harzuƙa jama'a su suka fi yaɗuwa.

To sai dai wannan yarda da juna tana da nata haɗarin, domin ba kasafai ake tantance labarin da ya fito daga ɗan uwa ba.

A shekarar 2018, jita-jitar satar yara da aka yaɗa ta WhatsApp ta janyo kashe mutane a Indiya, lamarin da ya sa kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda.

Duk da haka, a 2022 kamfanin ya faɗaɗa zaurukansa zuwa mutane 1,024, adadin da ya ninka ƙiyasin Dunbar kusan sau bakwai.