Kuɗin SSNIT ba alherin maigida ba ne

Ku zaga shagunan da ke kewaye da Kasuwar Makola, ku tambayi yaran shago, da direbobin motocin kaya, da masu gadin da ke fitowa daga Nima da Maamobi: wa ke biya maka SSNIT, wato kuɗin fansho? Amsar da za ku fi ji ita ce, "Ai wannan na ma'aikatan gwamnati ne." Wani kuma ya ce, "Alhaji yana kyautata mini, da wane baki zan tambaye shi?" Wannan kawaici ya daɗe yana cutar da mutanen zango.

Dokar fansho ta Ghana ta 2008, wato Act 766, da ta fara aiki a Janairun 2010, ba ta bambanta ofis da shago ba. Duk wanda ya ɗauki mutum aiki yana biyansa albashi, wajibi ne ya yi masa rajista. Maigida zai zuba kashi 13 cikin ɗari na albashin daga aljihunsa, a cire 5.5 daga albashin ma'aikaci. Daga jimillar, kashi 13.5 na tafiya SSNIT, sauran 5 kuma asusun mataki na biyu, a hannun kamfanonin da hukumar NPRA ta ba lasisi. Kwana 14 bayan ƙarshen wata ne wa'adin biya. In ya wuce, tarar kashi 3 na hawa kan maigida kowane wata, kuma ana iya kai shi kotu.

Buhun shinkafar azumi da shaddar sallah abin godiya ne, amma suna ƙarewa ranar da Alhaji ya kwanta dama ko gobara ta cinye shagon. Magada ba sa gadon alkawarin baki. Ku dubi dattijon da ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin ƙofar gida ɗaya da tocila da sanda, yau gwiwoyinsa sun kumbura, yana zaune a ƙofar masallaci ran Juma'a yana jiran abin da za a miƙa masa. Da an zuba masa na wata 180 kawai, da ya cika shekara 60 yana karɓar fansho kowane wata har ya koma ga Allah.

Mafi muni su ne masu cire 5.5 ɗin su zuba aljihu. Wannan cin amana ne tsagwaronsa, kuma ya kamata limamanmu su faɗe shi a kan mumbari. Ma'aikaci na da ikon ɗaukar Ghana Card ɗinsa ya je reshen SSNIT ya ga lissafinsa wata bayan wata.

Masu cewa hukuma za ta wawure kuɗin suna da dalilin tsoro. Amma a Disamban 2022 ƙungiyoyin ƙwadago ne suka sa aka cire kuɗin fansho daga shirin sauya basussukan cikin gida, kuma a Yulin 2024 barazanar yajin aikinsu ce ta wargaza cinikin kashi 60 na otal-otal ɗin SSNIT, har da Labadi Beach. Masu kuɗi a asusun ne suka tsaya suka kare shi.

Mahauta da teloli da mata masu sayar da waakye suna iya shiga da kansu ta shirin SEED na masu sana'ar kansu da aka buɗe a 2023. Wannan ba mafaka ba ce ga maigidan da mutum ya yi masa shekara bakwai yana buɗe shago yana rufewa, amma da an ambaci rajista sai ya ce, "Ai yarona ne."