Takardar da ba a zubarwa: gidan tarihin Yahudawan Maroko

A unguwar Oasis ta birnin Kazabalanka akwai wani gida da aka gina a 1948 don renon marayun Yahudawa. A 1997 aka mai da shi gidan tarihin Yahudawan Maroko, bisa ƙoƙarin Simon Lévy, malamin jami'a, wanda ya riƙe shugabancinsa har ya rasu a 2011.

Baƙo in ya shiga, idonsa kan fara sauka bisa tufafin amare, da aikin maƙeran azurfa, da naɗaɗɗun fatu na Attaura. Amma mai neman sanin yadda mutane suka zauna, takardu zai tambaya.

A ƙarshen shekarun 1940 Yahudawan Maroko sun kai kimanin 250,000. Galibinsu suka yi ƙaura zuwa Isra'ila, Faransa da Kanada, har ya zamana waɗanda suka rage ƴan dubbai ne kawai. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. To, mutane sun tashi, amma rubutunsu ya tsaya, kuma akwai dalili.

A al'adar Yahudawa, takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba a zubar da ita a juji. Ana tara ta cikin wani ɗaki da suke kira geniza, daga baya a binne ta a maƙabarta. Duk wanda ya taɓa ganin dattijo ya duƙa ya tsince guntun takarda mai aya daga ƙasa zai gane wannan ladabi. Da yake ba kullum ake tsayawa tantancewa ba, sai wasiƙu da sanarwoyi da takardun sha'anin jama'a su bi na addini zuwa ɗakin.

Irin wannan tari ne aka kwaso daga Rabat a 2005, aka kai gidan tarihin na Kazabalanka. Wani masani ɗan Amurka, Oren Kosansky, ya jagoranci aikin jera takardun da ɗaukar hotonsu zuwa kwamfuta. Akwai na Ibrananci, akwai na Faransanci, akwai kuma na Larabcin Maroko da aka rubuta da baƙaƙen Ibrananci, kamar yadda malamai ke rubuta Hausa da ajami.

Fataken Sahara ba baƙin wannan tarihi ba ne. Wajajen 1860 wani malamin Yahudawa ɗan garin Akka, Mardochée Aby Serour, ya ratsa hamada ya kafa ciniki a Tumbutu. Ba don abin da aka rubuta a kansa ba, da sunansa ya bi rairayi.

Tsarin mulkin Maroko na 2011 ya ambaci gadon Ibraniyawa cikin tushen ƙasar. Doka ta faɗa, amma takarda ce shaida, ita kuwa sai da mai tsaronta.

Nan ne zancen ya iso gida. Littafin bashi na tsohon kanti a Maradi, da wasiƙar fatauci cikin adakar wani gida a Damagaram, da rajistar da aka jibge bayan biro, duk tarihi ne da bai sami mai karanta shi ba tukuna. Gara da ruwan damina kuwa ba su jiran a yanke shawara.