Zinariyar Bagega da Jinin Yara

Bagega ƙauye ne a Ƙaramar Hukumar Anka ta Jihar Zamfara, can nesa da kwalta. Mutanensa manoma ne da makiyaya, amma ƙasar da suke nomawa tana kan wani jerin tsofaffin duwatsu masu ɗauke da zinariya, wanda ya ratsa Maru da Anka, ya gangaro har Birnin Gwari a Jihar Kaduna. Saboda haka ɗalibin da ke karatu a Rigachikun kada ya ɗauki wannan labari na wata uwa duniya ne.

Turawan mulki sun fara haƙar zinariya a Nijeriya wajen 1913. Aikin ya bunƙasa a shekarun 1930, sannan ya durƙushe a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Daga nan sai ya koma sana'ar rani, wadda talaka ke taɓawa idan an gama kawar da amfanin gona.

Abin da ya sake tayar da shi ya faru ne a kasuwannin Landan da Amurka. A 2001 farashin oza ɗaya na zinariya bai kai dala 300 ba, amma a 2009 ya haura dala 1,000. Nan da nan manomi ya ga abin da zai samu a rami cikin 'yan kwanaki ya fi na damina guda. Wa zai zarge shi? Aka riƙa kwaso duwatsu zuwa cikin gari, ana niƙa su da injin niƙan hatsi, mata na daka su a turmin da ake surfe, ana shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe.

Abin da ba a sani ba shi ne, duwatsun cike suke da dalma, wato ƙarfen da ke cikin dutsen kwalli. Jikin ɗan Adam ba ya bukatar dalma ko ƙanƙani, amma yakan karɓe ta a matsayin sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi. Hanjin yaro ya fi na babba tsotse ta ninki-ba-ninki, ga shi kuwa hannunsa kullum yana baki. Idan ta shiga jini sai ta hana ƙera jajayen ƙwayoyinsa, ta kwanta a ƙashi shekaru da dama, ta kuma kai ga ƙwaƙwalwar da ba ta gama ginuwa ba. Daga nan sai amai da farfaɗiya da suma, waɗanda iyaye da yawa suka ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko iska. A 2010 likitocin ƙungiyar Médecins Sans Frontières suka gano musabbabin, a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. Yara kimanin 400 suka rasu. Waɗanda suka tsira da raunin ƙwaƙwalwa ba a cika ambatonsu ba, alhali su ne za su zauna a gaban malami a aji.

Bagega kuwa sai a 2013 aka fara kankare gurɓatacciyar ƙasar gidajenta, domin maganin da ke wanke dalma daga jini ba ya amfani muddin yaro zai koma wasa cikin ƙurar da ta sa masa ita. A 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja.

A Afrilun 2019 Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara saboda 'yan bindiga, ta janye haramcin a Disambar 2024. Ko da dalilin tsaro na da ƙarfi, ta fuskar lafiya haramci hanya ce mai rauni. Mai iyali ba ya barin ramin da ke ciyar da shi don an yi sanarwa a rediyo, sai dai ya ɓoye aikin, kuma babu maɓoyar da ta fi cikin gida, inda haɗarin ya fi tsanani. Matakan da suka yi tasiri masu sauƙi ne: a fitar da niƙa bayan gari, a jiƙa dutse da ruwa kafin a niƙa don kashe ƙura, ma'aikaci ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya rungumi ɗansa. Gwamnati ta yi wa masu haƙa rajista a ƙungiyoyi, ta auna jinin yaran yankin a kai a kai, ta kuma ɗora kuɗin gwajin a kan dillalan da ke kwashe zinariyar zuwa Dubai.